Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Ta Yi Zafi

Ya kai mai karatu, in kana bin hanyar Rano zuwa Kibiya da bazara, ba ka rasa ganin tsohuwar mota a gefen hanya, tururi na tashi daga gabanta, fasinjoji sun koma inuwa. Da yawa daga motocin da ke jigilar mutane da hatsi a ƙasar nan sun kwana biyu. Har yanzu akan ga Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. To, ga yadda za ka gane ciwon irin wannan mota.

Ka sani cikin inji wuta ke ci, ruwa kuwa shi ke sanyaya shi. Famfo ke tura ruwan ya zaga cikin inji ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo ya shiga lagireto, fanka ta hura masa iska ya huce, kana ya koma. A rufe yake wannan zagaye, ba ya ƙonewa kamar fetur. Saboda haka in kullum sai ka ƙara ruwa, lalle akwai inda yake fita. Ƙarin ruwa ba magani ba ne, sai ka nemo ƙofar.

In ka ga allurar zafi ta hau, tsaya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto tukuna. Ruwa a tukunya yakan tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana danne shi har ya kusa 120 bai tafasa ba. Da ka buɗe sai ya yi tsartuwa ya ƙone maka fuska da hannu. Ka jira rabin sa'a ko fiye. Kada kuma ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, gama ƙarfe yakan tsage kamar tukunyar ƙasa.

Bayan ya huce, fara da abu mai sauƙi. Duba ƙasa inda motar ta tsaya ko akwai jiƙa. Matsa tiyo da hannu, wanda ya kumbura ko ya tsattsage ya gama aiki. Duba jikin lagireto da gindin famfo, inda ruwa ke tsiyaya yakan bar fari-fari ko tsatsa. Duba robar murfin kuma. In ta mutu, ruwa yakan fice ta nan ya zama tururi, ba ka gani ba.

In ba ka sami kome a waje ba, to, ruwan ciki yake shiga. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai, makanikai na ce masa gaskit. In ya ƙone, alamunsa uku ne. Farin hayaƙi ba ya daina fita daga salansa ko da inji ya ɗumama. In ka buɗe lagireto da sanyin safe ka ta da inji, kumfa na ta tasowa. Baƙin mai kuma yakan koma kamar shayi da madara. Ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka ƙara tafiya, kira makaniki.

Wani lokaci kuwa ruwa na nan cike, amma mota na zafi. Nan sai ka duba fambel ko ya saki, da fanka ko tana juyawa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka sukan toshe ramukan gaban lagireto, iska ta kasa wucewa. Har wa yau ruwan kududdufi da na rijiya sukan bar laka da tsatsa a cikinsa. Ka riƙa zuba ruwa mai tsabta haɗe da ruwan lagireto na kanti, wanda ke hana tsatsa.

Kowace safiya kafin ka ta da mota, duba ruwa da baƙin mai, ka leƙa ƙarƙashinta. Tiyo da murfi kuɗinsu kaɗan ne. Amma in inji ya ƙone, sai mota ta yi kwanaki a gareji, abincin gidanka kuwa a cikinta yake. Rigakafi ya fi magani.