Uwar Tsutsar Masara da Gajeren Kwananta

Dare mahutar bawa, in ji Bahaushe, amma uwar tsutsar masara sai duhu ya yi take fita aiki. Dangin malam-buɗe-littafi ce, mai launin toka-toka, da rana tana laɓe cikin ganye. Asalinta nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya, ba a jima ba ta iso Arewa. Masu noman rani a gaɓar kogin Kaduna, daga Barnawa zuwa Nasarawa da Kudenda, sun san 'ya'yanta sarai: tsutsar da ke shigewa zuciyar masara, ta bar ganye huje-huje da kashi kamar dusar katako.

Bayan tsutsar ta rikiɗe ta fito daga ƙasa da fukafukai, rayuwarta ba ta cika wuce mako biyu zuwa uku ba, don haka kowane dare yana da tsada. Macen ba ta da murya. Wani ƙamshi take saki a iska, namiji ya shaƙo shi da gashin kansa, ya biyo sawu daga nesa. Idan aka yi barbara tun tana sabuwar fita, takan zuba ƙwai fiye da 1,000, ɗari zuwa ɗari biyu a wuri guda, ta lulluɓe su da gashin jikinta. Mafi yawansu a kwana huɗu ko biyar na farko take zubawa.

In kuwa namiji ya makara, ƙarfinta yakan ragu. Masana sun ga haka a ire-iren waɗannan ƙwari da dama: macen da ta kwana biyu babu miji takan fara sakin ƙamshinta da wuri, ta daɗe tana yi, amma ƙwanta ya ragu, masu ƙyanƙyashewa ma su ragu. Wani jinkirin alheri ne, kuma a nan alherin na manomi ne. Shi ya sa aka haɗa irin wannan ƙamshi a ɗakin bincike, ana sa shi a tarko don a san ranar da ƙwarin suka sauka, ko a baza shi a gona maza su ruɗe.

Manomin da ba shi da tarko yana da idanu. Ya yi shuka lokaci guda da maƙwabtansa, ya riƙa duba ganye da sassafe, ya murƙushe ƙwai kafin su fashe cikin kwana biyu zuwa uku. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin tsutsar da ta shige zuciyar masara feshi da ƙyar yake samunta.