Cutar Lupus: Magunguna da Lalurorin da ke Biyo Ta

A yankin Kura da Bunkure, inda ruwan Dam ɗin Tiga ke bin hanyoyinsa zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir tun shekarun 1970, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ba baƙi ba ne. Mace za ta yi ta fama da kasala da kumburin yatsu, gashinta na zuba, a ce maleriya ce, a ce sanyi ne, wani ma ya ce sammu. Sai an gaji da zaryar kyamis a kai ta babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gwajin jini ya nuna lupus ce.

Ita lupus ba a ɗaukarta daga wani. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta far wa fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi daga shekara 15 zuwa 45. Wasu kan fito da ƙuraje a kumatu biyu da karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Cutar kan lafa ta sake tashi, ba a raba mutum da ita, amma magani na kwantar da ita.

Magunguna biyu na farko

Wadda aka gano tana da cutar yawanci takan baro asibiti da magani biyu masu hali daban. Na farko prednisolone, mai saurin aiki: cikin 'yan kwanaki kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya sauka. Sai dai idan an daɗe ana shan mai yawa yakan kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali. Yanke shi rana ɗaya haɗari ne, domin jiki ya saba da shi.

Na biyu hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da aka daɗe ana sha don maleriya. Shi kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, don haka mutane ke raina shi su ajiye. Alhali shi ne ginshiƙi: yana rage tashin cutar, yana kare ƙoda, ana kuma ci gaba da shansa ko da juna biyu. Sharaɗinsa shi ne a riƙa duba idanu lokaci-lokaci.

Idan cutar ta taɓa ƙoda, akan ƙara masu danne garkuwar jiki, irin su azathioprine da mycophenolate. Shi mycophenolate, haka ma methotrexate, suna cutar da ɗan tayi. Matar da ke son haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, a sauya mata.

Lalurorin da ake sa wa ido

Babbar fargaba ita ce ƙoda, domin takan lalace shiru. Fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da na fatar ido da safe, da hauhawar jini, duk alamu ne. A nan ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye bayan wunin dashe ko tsinkar tumatir, kan ƙara wa Borno dawaki. Akwai kuma ƙarancin jini, da daskarewar jini a jijiya, wadda kan jawo ɓari akai-akai.

Zaman yankin noman rani na da nasa ƙarin nauyi. Rana na tayar da cutar, don haka mai fita gona sai da malfa da riga mai dogon hannu, a kuma kauce wa tsakar rana. Ruwan da ke kwance na hayayyafar sauro rani da damina, ga kuma tsargiya, wadda ita ma, kamar lupus, ke sa jini a fitsari. Kada a ga jini a ce ai tsargiya ce kawai. Gwajin fitsari ne zai raba gardama. Kuma tun da magungunan na rage ƙarfin garkuwa, zazzaɓi ko tarin da ya wuce mako biyu na buƙatar asibiti, domin tarin fuka kan samu ƙofa.

Duk ranar 10 ga watan Mayu ake tunawa da wannan cuta a duniya, amma aikin na kullum ne. Mai lupus ta riƙe katin asibitinta, ta tafi da kwalayen duk abin da take sha, har da na gargajiya, ta nuna wa likita. Miji da iyaye kuwa, kada ganin ta miƙe ya sa ku ce ta warke. Samun sauƙin nan aikin maganin ne, kada a ajiye shi sai da izinin likita.