Fili Naka Ne, Amma Titi Na Kowa Ne

Na gaji da wata magana da ta zama ruwan dare a Kano. Da zarar mutanen unguwa sun koka cewa sabuwar filaza ta toshe musu layi, sai ka ji an ce, "Baƙin ciki suke yi, ba sa son ganin arzikin mutum." Mai ginin kuma ya ɗora da cewa fili nasa ne, da guminsa ya saya, abin da ya ga dama zai gina. Da wannan magana ake rufe bakin dattawan da suka shekara talatin a wuri.

To, ko a dokance maganar ba ta tsaya ba. Tun dokar filaye ta 1978, filayen cikin birni amana ce a hannun gwamna, kuma takardar mallakar da aka ba ka ta faɗi abin da aka ba ka filin dominsa: gidan zama ne ko kasuwanci. Mayar da gida shaguna sai da amincewar hukuma, ginin kansa kuma sai da izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA. Maƙwabcin da ya tambayi waɗannan takardu haƙƙinsa ya nema.

Ajiye doka gefe, a yi lissafi. Gidan Alhaji guda mota ɗaya ko biyu ke shiga da fita. A ce an rushe shi an tayar da shago talatin. Masu shagunan za su zo da abin hawansu, masu sayayya su zo da nasu, ga motocin kawo kaya. Kowace mota tana cin wajen mita biyar a tsawo, biyu da rabi a faɗi. Ina aka tanadar musu? Babu, domin mai ginin ya cinye filin har bakin kwalbati, wani ma ya ɗora matakala a kan kwalbatin. Wurin fakin da ya ƙi bari a cikin filinsa, a titin jama'a ya karɓe shi kyauta. Shi ke karɓar kuɗin haya, unguwa ke shan hayaƙi da hon.

Je ka tsaya a irin wannan layi da hantsi. Tirela ta gindaya tana sauke katan-katan, 'yan dako na kai da kawo, 'yan adaidaita sahu sun jeru a kwana suna jiran fasinja, mai mota ya rufe ƙofar gidan wani ya shige ciki yana ciniki hankali kwance. Yara 'yan Islamiyya na ratsawa tsakanin tayoyi. Idan naƙuda ta kama mace a wannan lokaci fa? Ko gobara ta tashi a ƙarshen layi, ta ina motar 'yan kwana-kwana za ta bi? Mai wannan tambaya ne ake kira mai hassada, a garin da kowa ya san kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani. Abin kunya ne wallahi.

Babu wanda ya ce kada a yi kasuwanci, Kano da kasuwa aka san ta. Ado Bayero Mall da ke titin gidan Zoo, wanda aka buɗe a 2014, ya ware fili babba a cikin harabarsa don motoci. Mai ƙaramar filaza ma zai iya haƙura da shago huɗu ko biyar na gaba ya bar wurin tsayawa. Kwaɗayi ke hana shi. Yawan jama'a da ƙarancin motocin bas suna da nasu kason, amma ba su ne suka ɗora matakala a kan kwalbati ba.

Ku kuma mazauna, babban kuskurenku jira. Kuna gani ana haƙa tushe kuna cewa bari mu ga abin da zai zama, sai an zuba dakin kowa ya fara gunaguni a majalisa. Ranar da aka sauke yashi da bulo ita ce ranar tambaya. Ku sami mai ginin cikin mutunci tare da mai unguwa, ku ji me zai gina, ina ƙofarsa za ta fuskanta, ina motoci za su tsaya. In ya yi kunnen uwar shegu, ku rubuta koke, magidanta su sa hannu, a kai wa dagaci da KNUPDA, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Koken baki iska ke ɗauke shi. Ku haɗa da hotunan layin a lokacin da cunkoso ya fi tsanani.

In gini ya riga ya tsaya, akwai sauran abin nema: a mayar da sauke kaya bayan isha'i ko da sassafe, a ɗauki maigadin da zai riƙa tsara motoci, a buɗe ƙofa ta babban titi a rufe ta lungu. Masu fakin a ƙofar gidajen mutane kuwa aikin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ne, a sanar da su a rubuce. Kada matasa su sace iskar tayar kowa ko su jibge duwatsu a hanya, nan take mai gaskiya zai koma mai laifi a gaban 'yan sanda.

Mai niyyar kama shago, kai ma nemi ganin izinin ginin kafin ka biya kuɗin shekara. Rusau ɗin da aka yi wa shagunan filin Idi a 2023 bai tsaya tantance wanda ya gina da wanda ya saya ko ya kama haya ba.