Cibiyar Kuru Da Majalisar Dattijai: Ina Masu Ikon Hana Yaƙi Ke Samun Shawara?

Wanda ya bar garin Jos ya yi kudu, ya wuce Bukuru da tsofaffin ramukan kuza, ba da jimawa ba zai iso Kuru, inda sanyin tsauni ke sa baƙo neman bargo ko da bazara. A nan ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa a cikin 1979. Nufin kafa ta shi ne a sami wuri guda, nesa da hayaniyar Ikko, inda manyan hafsoshin soja da 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati da masana za su zauna wata goma su yi wa al'amuran ƙasa duban tsanaki, ciki har da sha'anin yaƙi da zaman lafiya tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta.

Waɗanda suka ratsa ta ba ƙananan mutane ba ne. Janar Ibrahim Babangida yana cikin rukunin farko. Manjo Janar Joseph Garba, mutumin Langtang, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1975 zuwa 1978, kuma ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, shi ne shugaban cibiyar har Allah ya yi masa rasuwa a 2002. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ma yana tsakiyar karatu a Kuru ne a 2006 sarauta ta riske shi. Har wa yau a nan aka yi babban taron ƙasa kan manufofin harkokin waje a watan Afrilu na 1986, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke minista.

To, amma akwai wani abu game da asalin cibiyar da ya kamata a lura da shi. An haife ta ne sa'ad da babu majalisar dokoki a ƙasar, domin sai a watan Oktoba na wannan shekara ta 1979 farar hula suka karɓi mulki. Saboda haka tun daga farko fuskarta ofishin shugaban ƙasa take duba. A ƙarƙashinsa take, kuma rahoton da ɗalibanta ke rubutawa kowace shekara shi ake kai wa. Haka ma Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikice-rikice da aka buɗe a Abuja a shekarar 2000, a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje take. Watau dai masu zartarwa suna da rijiyoyinsu.

Alhali kuwa Tsarin Mulki na 1999 bai bar maganar yaƙi a hannun shugaban ƙasa shi kaɗai ba. Sashe na 5 ya ce ba zai shelanta yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun tarayya biyu sun amince a zama guda, kuma ba za a tura soja ko ɗaya fagen fama a waje ba sai da yardar Majalisar Dattijai. In ƙasa na fuskantar haɗari na gaggawa yana iya turawa, amma tilas ya nemi izni cikin kwana 7 da fara gumurzu, su kuma dattijai su amsa ko su ƙi cikin kwana 14. Sashe na 12 kuma ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. Wannan nauyi ne mai girma a kan mutanen da yawancinsu lauyoyi ne da 'yan kasuwa da tsofaffin gwamnoni, ba masanan iyakoki ko kuɗin ciyar da bataliya ba.

An ga abin da hakan ke jawowa. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a watan Oktoba na 2002, aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a watan Yuni na 2006, amma sai a watan Nuwamba na 2007 Majalisar Dattijai ta tashi tsaye tana cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba. Ihu bayan hari ke nan, gama an gama miƙa yankin a watan Agusta na 2008. A watan Janairu na 2013 ta amince da tura soja 1,200 zuwa Mali. A Janairu na 2017 kuwa sai da jiragen yaƙi suka riga suka tashi saboda rikicin Gambiya kafin wasu dattijai su yi kukan ba a nemi izninsu ba.

Babban gwaji ya zo bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ran 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda. Ran 4 ga Agusta aka karanta wasiƙar Shugaba Bola Tinubu a zauren majalisa, kashegari dattijai suka ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Kwana guda ke nan don auna makomar iyaka mai tsawon kilomita kamar 1,500, wadda ta taɓa jihohi 7 daga Kebbi zuwa Borno. Abin da ya yi nauyi a ma'auni shi ne sanin da dattijan Arewa ke da shi na zumuncin Katsina da Maraɗi, da na Sakkwato da Birnin Ƙonni, da kuma muryar malamai da sarakuna. Sarkin Musulmi, tsohon ɗalibin Kuru, yana cikin tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da ta je Yamai. Shawarar ta yi daidai, amma sanin gida ne ya kawo ta. Da rikicin na wata ƙasa ce mai nisa, wadda babu dattijon da ke da surukai a cikinta, da ba lalle a dace haka ba.

A Amurka majalisa ce da kanta ta kafa cibiyar nazarin zaman lafiya a 1984, kuma ita ta ɗauki nauyin kwamitin James Baker da Lee Hamilton wanda ya fito da shawarwari 79 kan yaƙin Iraƙi a watan Disamba na 2006. Ko da yake Shugaba Bush bai bi manyan shawarwarin ba, 'yan majalisa sun sami abin riƙewa a hannu wajen muhawara. Sai dai a 2025 gwamnatin Donald Trump ta kori akasarin ma'aikatan cibiyar, abin da ke nuna cewa irin wannan gida ba ya tsira daga hannun masu mulki ko a can.

A nan gida ba kayan aiki aka rasa ba. Majalisa tana da tata cibiyar nazarin harkokin dokoki a Abuja tun 2011, ko da yake ƙarfinta yana wajen tsara dokoki da horar da ma'aikata. Jami'ar Jos tana da sashen nazarin sasanta rikici da aka kafa bayan tarzomar Satumba ta 2001. Sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulki sun ba kwamitocin majalisa ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani, su kuma nemi kowace takarda. Ke nan babu dokar da ta hana kwamitin tsaro ko na harkokin waje ya bukaci a riƙa ajiye masa kwafen rahoton Kuru na kowace shekara, ko ya gayyaci masananta su yi bayani kan Tafkin Cadi da ƙasashen Sahel tun hankali yana kwance, kafin wasiƙa ta gaba ta iso daga fadar shugaban ƙasa a fara ƙidayar kwana 14.