In Za A Sake Injin Jirgin Ƙungiya

'Yan'uwa masu haye Binuwai da amfanin gona, in injin jirginku ya tsufa, kada ku fara da tambayar ƙarfin doki. Ku fara da awo. A gwada katakon baya inda ake ɗaura inji, daga sama zuwa gindin jirgi. In ya yi wajen inci 15, mai gajeriyar ƙafa ake bukata. In inci 20 ne, sai mai doguwa. Aka sa gajeriya a jirgi mai tudun baya, farfela za ta riƙa fitowa tana kaɗa iska, ruwan da ke sanyaya inji ya yanke, inji ya ƙone. Doguwa kuwa, da rani sai ta riƙa tonon rairayi.

Mun sha ganin ƙungiya tana kwaɗayin doki 40 alhali 15 ya ishe ta. Jirgin katako mai ɗauke da buhuna yana da iyakar gudunsa. Abin da aka ƙara, fetur kawai zai sha, daga asusun jama'a. Kafin a biya kuɗi kuma, a tambayi makaniki ko kayan gyaran injin suna samuwa a Numan ko Ibi.