Gado da wasiyya: abin da kowane gidan Kirista ya kamata ya sani

A ƙauyukanmu, idan maigida ya rasu, kafin a kwashe rumfar makoki an soma maganar gona, gida da kuɗin banki. Sau da yawa gwauruwa da 'ya'ya mata ne ke kwana a ciki. Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Ishaya 38, an umarci sarki Hezekiya ya kintsa gidansa kafin mutuwa. A Littafin Ƙidaya 27, 'ya'yan Zelofehad mata sun kawo kuka gaban Musa, Ubangiji kuwa ya ba su gādon mahaifinsu. Bari mu duba yadda hukuma ke tafiyar da wannan al'amari a Najeriya.

Kowace Babbar Kotun Jiha tana da ofishin rajistar gado, wanda ma'aikata ke kira furobet. Idan mamaci ya bar wasiyya, wannan ofishi ne ke tabbatar da ita, ya ba waɗanda ya naɗa ikon raba dukiyar. Idan bai bar wasiyya ba, iyali za su nemi takardar izinin kula da gado. Akan buƙaci takardar shaidar mutuwa, jerin kadarorin mamacin, da masu tsayawa. Ana sanar da jama'a domin mai ƙorafi ya fito, ana kuma biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar. Banki da kamfanin fansho sukan nemi wannan takarda kafin su saki kuɗi. A lura: sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin ɗan'uwa mafi kusa ba ya mai da shi magaji. Shi ne kawai wanda za a fara tuntuɓa.

Ƙaramar hukuma ma tana da nata aikin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birni, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar gona ko fili bisa al'ada. Gonar da ba ta da takarda, shaidarta tana bakin mai unguwa, dagaci da maƙwabtan iyaka, su ma kuwa masu mutuwa ne. Rikicin irin wannan gona yakan je kotun yanki ko kotun al'ada, kuma jihohi kamar Filato da Kaduna suna da kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada.

Wace doka za a bi wajen rabo? Irin auren da aka yi yana da nauyi a nan. Wanda ya yi aure a ƙarƙashin Dokar Aure, wato ya ba da sanarwar kwana 21 a wurin rajistara, aka ɗaura a rajista ko a majami'a mai lasisi, matarsa da 'ya'yansa suna da kariyar rubutacciyar doka. Wanda ya biya sadaki aka sa masa albarka a coci kawai, ba tare da takardar rajistara ba, al'adar kabilarsa ce za a fi dubawa. Duk da haka al'ada tana da iyaka. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gādon mahaifinta, domin ta saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. A shekarar kuma, a shari'ar Anekwe, ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji.

Rubuta wasiyya ba kiran mutuwa ba ne. Sharuɗɗanta kaɗan ne: a rubuce take, mai ita yana cikin hankalinsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Kada wanda zai ci gādon, ko matarsa ko mijinta, ya zama shaida, domin zai iya rasa rabonsa. Lauya zai taimaka a ajiye kwafi a ofishin rajistar gado.

'Yan'uwa, ikilisiya ba kotu ba ce, amma Yakubu 1:27 ya ɗora mana kula da marayu da gwauraye. Dattawa su tambayi ma'aurata ko takardar aurensu tana hannu. Zumuntar mata ta raka gwauruwa sakatariya da kotu, kada ta tafi ita kaɗai. Kai kuma maigida, ka zauna da matarka ka nuna mata takardun gona, lambar asusu da bashin da ake binka. Yi shi a wannan wata, tun kana da ƙarfi.