Ziyarar Ƙurɗuba, Birnin Malaman Andalus

Duk almajirin Dandume da ya sauke Muwaɗɗa, riwayar Yahaya bin Yahaya mutumin Ƙurɗuba ya karanta. Birnin yana ƙasar Sifen, bakin kogin Wadil Kabir, tafiyar kamar sa'a 2 daga Madrid a jirgin ƙasa.

Abdurrahman Addakhil ya aza harsashin babban masallacinsa wajen 785, aka mai da shi coci a 1236. Saboda haka mai ziyara ya sani ba a yarda da salla cikinsa ba, sai ya sallata a masauki. Ya guji Yuli da Agusta domin zafi. Ya leƙa kufan Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma, ya ga yadda mulki kan gushe, ilmi ya wanzu. Allah Ya sa mu wa'aztu.